Kaka a Bakin Kwara: Sharhi a kan Yadda Muke Rubuta Zaman Ƙauye

A 'yan shekarun nan kundaye da dama sun bi ta hannuna waɗanda ɗalibanmu na digiri na farko da na biyu suka rubuta a kan al'adun noma a garuruwansu, wasu ina mai duba aikin, wasu kuwa ina mai jarrabawa. Kusan kowane kundi yana da babi a kan lokutan shekara, kuma da an zo kan kaka sai ka tarar bakinsu ɗaya: wai lokaci ne da manomi ke kawar da amfanin gona, ya cika rumbu, ya miƙe ƙafa ya huta, a yi bukukuwan aure, a yi dambe da kokawa da kalankuwa, sa'an nan samari su tafi cin rani. Da ɗalibin Bichi da na Malumfashi da na Gumel, haka kowa ke rubutawa. Wannan bai dame ni ƙwarai ba, domin a ƙasar tudu maganar tana kusa da gaskiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar da na karanta wannan bayani, kusan kalma da kalma, a kundin wani ɗalibi wanda aka haifa aka kuma rena a wani ƙauye na ƙasar Bagudo, a bakin Kogin Kwara.

Na kira shi ofis na tambaye shi, ran da aka gama ɗaurin gero a gidansu, me mahaifinsa ke yi washegari. Ya yi murmushi ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ai sa'annan na aiki ka hwarawa." Na ce to me ya hana shi rubuta haka? Sai ya ce bai gan shi a littafi ba.

Wannan amsa ita ce dalilin wannan maƙala. Abin da nake so in nuna shi ne, sifar da muke yi wa kaka da zaman gida na ƙauye a rubuce-rubucenmu sifa ce ta yanki guda, mun ɗauke ta mun shimfiɗa a kan kowa, har ta kai ɗan wani yanki yana ƙaryata idonsa domin ya dace da ita.

Daga Ina Sifar Ta Fito?

Littattafan da ɗalibanmu ke dogara da su a wannan fage ba su da yawa. Akwai Hausa Customs na Ibrahim Madauci da Yahaya Isa da Bello Daura, wanda aka buga a Zariya a 1968, akwai kuma Zaman Hausawa na Habibu Alhassan da abokan aikinsa na 1982. Mai himma daga cikinsu yakan kai ga labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga shi a 1954, ko kuwa littafin Polly Hill na 1972 a kan Batagarawa, kusa da Katsina. Ba ni da wani ƙorafi a kan marubutan nan. Biyun farko gajerun littattafai ne na gabatarwa, ba su yi alkawarin ƙure kowane yanki ba. Biyun ƙarshe kuwa kowanne ya faɗi ƙauyen da yake magana a kai, bai ɓoye ba. Laifin namu ne, mu da muka mai da Karo da Batagarawa suka zama ƙasar Hausa baki ɗaya. Waɗannan wurare ne na noman tudu, inda shekarar manomi ke rataye a kan ruwan sama na wata huɗu ko biyar. Ko a Kano ma, wanda ya san Kura da Kadawa tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970 ya san maganar hutun kaka ta daɗe da tsufa.

Tushe na biyu ya fi wannan daɗewa, watau raba shekara gida huɗu daidai wa daida. Yawanci mukan ɗora wa Turawa alhakinsa, mu ce littattafan firamare ne suka jera bazara da damina da kaka da ɗari domin su yi daidai da lokuta huɗu na Ingila, har yaro ya tashi yana zaton kaka ita ce lokacin da ganye ke ja yana zuba a can, aikin lambu ya tsaya, a shiga ɗaki a jira sanyi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Tun kafin zuwan boko malamanmu suna da lissafin taurari 28 da suka gada daga Larabawa, bakwai ga kowane lokaci, kowane tauraro kwana 13 in ban da guda mai 14. Mervyn Hiskett ya yi nazarin yadda wannan lissafi ya shiga waƙoƙin Hausa tun a 1967. A cikinsa kaka tana kamawa ne da tauraron Sarfa, a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Lissafi ne mai amfani, manoma da yawa suna aiki da shi wajen shuka, amma ya kamata mu tuna a wata ƙasa aka tsara shi. Kalmar harif, wadda ƙamusoshin Larabci ke ba lokacin da ke bin bayan zafi kafin sanyi, a Sudan damina take nufi, domin mutanen can sun lanƙwasa kalmar ta bi ƙasarsu. Mu kuwa a rubuce-rubucenmu ƙasar muke ƙoƙarin lanƙwasawa ta bi kalmar.

Kogi Mai Cika Biyu

Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu, tana iyaka da Jamhuriyar Benin ta yamma. Kwara ta ratsa ta, kuma a wannan yanki ne Gulbin Kabi ke zuba ruwansa a cikinta. Garuruwa irin su Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Tsamiya duk a cikinta suke. Akwai tudu a ƙasar, ana noman gero da dawa da masara da wake kamar ko'ina, kuma a ƙauyukan da ke nesa da kogi bayanin littafi bai yi nisa da gaskiya ba. Amma mutumin bakin kogi yana da ma'auni na biyu wanda na tudu ba shi da shi.

Kwara a wannan sashe tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan daminar yankin ce, tana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan yana da laka, shi ya sa masu nazarin kogin a Nijeriya ke kiranta farar cika. Ta biyu kuwa ruwan da aka yi ne a duwatsun ƙasar Gini, inda kogin ya faro. Ruwan nan yakan malala a cikin babbar fadamar ƙasar Mali, wajen Mopti, ya daɗe yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya biyo ta Yamai da Gaya ya iso Lolo daga wajen Disamba zuwa Fabrairu. Saboda ya tace, ana kiran wannan baƙar cika. Mai karatu ya dubi abin da wannan ke nufi: a tsakiyar hunturu, lokacin da rijiyoyin tudu suka fara ja da baya, mutumin Lolo yana kallon kogi yana hawa da ruwan saman da aka yi wata da watanni a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Babu gurbin wannan a cikin lokuta huɗu na littafi, kuma ban ga kundi ɗaya daga cikin waɗanda na duba da ya ambace shi ba.

A kan wannan cika biyu aka gina shekarar bakin kogi. Shinkafar gargajiya ta Afirka, wadda masana suka nuna a kwarin Kwara na ƙasar Mali aka fara noma ta, tana da iri mai bin ruwa, karansa na tsawo gwargwadon hawan ruwan, kuma ba a yankansa sai bayan gero ya daɗe a rumbu. Da ruwan damina ya fara janyewa sai masunta su shiga tafkunan da ya bari. Mai lambu kuwa tun sama ba ta gama ɗaukewa ba ya yafa irin albasa yana renonsa, domin ya isa dashe da shigowar sanyi. Ya gyara fangali, ya yashe rijiya, ya kafa shinge saboda dabbobin da za a saki da an kawar da amfanin tudu. A da da jigo ake ban ruwa. Tun daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse suka bazu, kuma bayan shirin ba manoma rance da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, shinkafar rani ta ƙara samun gindin zama a jihar. Saboda haka ɗaurin gero a nan ƙofa ce ta shiga wata shekarar aiki wadda ba ta ƙarewa sai an cire albasa, an yanke shinkafar rani, ana dab da saukar wata daminar.

Kuma kaka a bakin kogi lokacin fargaba ne. A Satumba 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi ana dab da girbi, ƙasar Bagudo na cikin wuraren da abin ya shafa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa, ya zo ya rubuta cewa kaka lokacin kwanciyar hankali ne, ba ƙaramin abu muka yi masa ba.

Bayan Ɗaki

Inda rubuce-rubucenmu suka fi yin shiru shi ne cikin gida. Jimlar da ake yawan maimaitawa ita ce, wai matan Hausawa ba sa noma saboda kulle. Ko a inda kulle ya yi ƙarfi, Polly Hill ta nuna tun a 1969 cewa matan da ba sa fita suna riƙe da kasuwanci mai girma daga cikin gidajensu. Balle a ƙasar Bagudo, inda Hausawa ke zaune da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa da Fulani, ana auratayya, kuma al'adar kowa game da aikin mace ta shafi ta maƙwabcinsa.

Mu ɗauki garka kawai, watau ɗan lambun da ke bayan ɗaki ko gefen gida. Ba ta da girma, ba a auna amfaninta da dami ko buhu, shi ya sa ba ta shiga lissafin mai rubutu. Amma a tsakiyar damina, lokacin da rumbun bara ya yi ƙasa na bana bai nuna ba, ganyen garka da na bakin gona, irin su rama da yakuwa da zogale da tafasa, su ke riƙe gida, a yi kwaɗo a ci kafin tumu ya samu. Da kaka ta gabato kuwa sai aikin ya juya daga ci zuwa tanadi. A yanka kuɓewa a shanya a kan tabarma, a shanya barkono, a tsinke kabewar da ta hau danga, a bar duma ya ƙosa domin ƙwarya da ludayi. Yakuwa ita kaɗai tana ba da abu uku: ganye na miya, soɓorodo na sha, da 'ya'yan da ake daddawar batso da su. In albasa ta yi, a kirɓa ganyenta a dunƙule a shanya, ya zama gabu. Miyar da gidan zai ci daga hunturu har bazara a cikin 'yan makonnin nan ake haɗa ta, kuma duk a daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Sa'an nan ga zaɓen iri. Mace ce ke sanin wace kuɓewa za a bari ta bushe a jikin uwarta, ita ke adana irin a gora da toka, ita ke musanyarsa da maƙwabciya ko ta ba ɗiyarta da aka kai wani gari. In shanshera ta shigo gida, gumi ma aikinta ne, kuma a ƙasar Kebbi sana'a ce da mata da yawa ke ci da ita.

Wannan duk ilmi ne mai tsari da ƙa'ida da kalmomi nasa. Me ya sa bai shiga kundayenmu ba? A ganina dalili ɗaya shi ne inda muke neman hujja. Ɗalibi in yana son ya nuna matsayin noma a adabi, sai ya nufi makaɗan noma, irin su Maidaji Sabon Birni, ko Musa Ɗanƙwairo wanda da kiɗan noma ya fara kafin ya koma na fada. Fasaharsu ba abin musu ba ce. Sai dai makaɗi mai ba shi yake yi wa waƙa, kuma mai ba shi shi ne ƙaƙƙarfan manomi wanda ake kirari da yawan damansa, mai neman sarautar noma. Babu mai ba makaɗi riga saboda an yabi busasshiyar kuɓewa. Don haka waƙar noma hujja ce a kan abin da maza ke alfahari da shi a dandali, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin cikakken bayanin yadda gida ke ci. Wanda ke neman ɗaya ɓangaren sai ya saurari waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, ya zauna da tsofaffin mata a lokacin shanya. Ɗalibanmu mata sun fi mu damar yin wannan, amma su ma mukan tura su ga littattafan nan guda huɗu.

Dalili na biyu ya shafe ni kai tsaye, don haka ba zan kauce masa ba. A daftarin farko ɗalibin nan ya rubuta guro, na sa jan biro na mai da shi kuɓewa. Ya rubuta sure na mai da shi yakuwa, tonka ta koma barkono, kudaku ya koma dankali. Ya rubuta hatsi yana nufin gero, kamar yadda ake faɗi a ƙasashen yamma, na rubuta masa a gefe cewa ya fayyace wane hatsi. Ta fuskar ƙa'ida ban yi kuskure ba, domin da daidaitacciyar Hausa ake rubuta kundi, ita kuwa a kan Kananci aka gina ta. Amma yaron da aka soke wa kalmomin mahaifiyarsa sau biyar a shafi ɗaya ya fahimci wani darasi da ban yi niyyar koya masa ba, watau abin gidansu ba na rubutawa ba ne. Daga soke kalma zuwa soke abin da kalmar ke nufi tafiyar ba ta da nisa. Abin da ya kamata in yi, wanda kuma nake yi yanzu, shi ne in bar masa kalmarsa, in sa ya bayyana ta sau ɗaya a inda ta fara fitowa, ya ci gaba da ita.

Iyaka

Wani zai ce Bagudo gefe ce, ba cibiyar ƙasar Hausa ba, don haka ba a gina hukunci a kanta. Tarihi yana ba wannan magana ɗan ƙarfi. Illo tsohuwar masarauta ce ta ƙasar Bargu, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta bar ta a hannun Ingilishi, daga baya a farkon ƙarni na 20 aka haɗa ta da Gwandu. Amma ni ban ce a gina hukunci a kan Bagudo ba. Cewa na yi kada a gina shi a kan Batagarawa ita kaɗai. Hausa ce harshen kasuwa a wannan yanki, kuma harshen gida ga mutane masu yawa, ɗaliban da ke fitowa daga can sashen Hausa suke shigowa. In har nazarin al'adun Hausawa bai da wurin da zai sa shekararsu, to nazarin ne ke da gibi.

Iyakar ma tana cikin labarin lambu, abin da kundayenmu ba su kula da shi ba, domin sukan tsaya cak inda taswirar Nijeriya ta tsaya. Lolo tana fuskantar Madekali, Tsamiya tana fuskantar Segbana, kuma babbar kasuwar Malanbil, wadda ta yi suna da albasa, ba ta da nisa. Dangi suna ɓangarorin biyu, iri da amarya da labarin farashi duk suna ƙetarawa, mai lambu yana lissafi da naira yana yi da sefa. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, sa'an nan a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, umurnin ya sauka ne daidai lokacin dashe, a kan mutanen da injin ban ruwansu fetur yake sha. Janye tallafin mai a Mayu 2023 ya sake taɓa wannan lissafi. Ko mutum yana goyon bayan waɗannan matakai ko ba ya yi, ba zai iya rubuta zaman gida na ƙauyen bakin iyaka a waɗannan shekaru ya tsallake su ba. Wanda ya karanta a littafi cewa aikin manomi ya ƙare da kaka kuwa, ba zai ma ga alaƙar fetur da miyar gida ba.

Na mai da ɗalibin nan gida a hutun ƙarshen zango, na ce kada ya buɗe littafi ko ɗaya, ya zauna da mahaifinsa da mahaifiyarsa daban-daban, kowanne ya lissafa masa aikinsa wata bayan wata. Ya dawo da lissafi biyu da ba su yi daidai da juna ba. Mahaifin ya fara nasa daga sharar gona, ya bi ta gero da shinkafa ya ƙare a cirar albasa. Mahaifiyar kuwa daga ranar da ta fara shanya guro ta fara nata, domin a wurinta daga nan ake sanin ko miyar shekara za ta kai. Babin da a da shafi biyu ne ya koma goma sha ɗaya, kuma sai da muka yi gardama da ɗaya daga cikin masu jarrabawa kafin ya yarda a bar kalmar garka yadda take.